FILIN MANOMA: Araha Ba Ta Ado A Wayar Famfon Rijiya

Jama'a, ga kaka ta yi, masara ta shiga rumbu, hankalin kowa ya koma kan lambu. Duk inda manoma suka taru a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da wuya a watse ba a taɓo zancen rijiyar burtsatse ba, da famfon nan mai nutsewa cikin ruwa wanda aka fi sani da sumo. Wannan ya ce doki nawa ne naka, wancan ya ce na wace ƙasa ne, wani kuma ya ce nawa ka saya. Amma ba safai za ka ji wanda ya tambayi irin wayar da aka sa masa ba. To, a kan wayar nan na ke so mu yi magana a wannan mako. A ganina ita ce ke kashe famfuna da yawa a ƙasarmu, sa'an nan a ɗora wa famfo laifi, a zagi wanda ya ƙera shi a banza.

YADDA MUKA ZO NAN

Iyayenmu da jigo da guga suka yi lambu. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, sai ruwa ya bi babbar hanyar da aka gina masa ya gangara Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Amma ruwa ba ya hawa tudu. Mutanen da ke sama da madatsar, watau wajen Tudun Wada da Doguwa inda Kogin Kano ya ratso dajin Falgore, da waɗanda gonakinsu ke kan tudu a Kiru da Bebeji, tilas su nemi nasu ruwan a ƙarƙashin ƙasa.

A cikin shekarun 1980 hukumar KNARDA ta yaɗa 'yan rijiyoyin fadama da ƙananan injunan fetur, shirin Fadama kuma ya ƙara yaɗa su a shekarun 1990. Irin wannan inji a bakin rijiya ya ke zama yana zuƙo ruwa, kuma duk ƙarfinsa ba ya iya zuƙowa daga zurfin da ya wuce mita 7 ko 8. A kan tudu kuwa dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu, irin wanda ya fito fili a duwatsun Riruwai, ruwan yana kwance cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, sau da yawa sai an yi mita 30 ko 40 ko fiye. Nan ne sumo ya ke da rana, domin shi sauka ya ke yi can ƙasa ya turo ruwan sama. Tun kuma da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 mai ya yi tsada, sai mutane da yawa suka juya ga famfon da ke aiki da hasken rana. To, ko da wutar KEDCO za ka yi aiki, ko da janareta, ko da farantan sola, hanya ɗaya ce wuta za ta bi ta kai ga famfo, ita ce waya.

WAYA MA TANA CIN WUTA

Duk wanda ya taɓa ban ruwa ya san in ka ja 'yar siririyar hanya mai nisa daga bakin rijiya zuwa kwamin ƙarshe, ruwan da zai isa can bai kai wanda ya tashi ba. Haka wuta ta ke cikin waya. Ƙarfin da ke tura wuta shi a ke aunawa da bolt, yawan wutar da ke gudu kuma shi a ke aunawa da amfiya. In waya ta yi siriri, ko ta yi tsawo, sai wani kashi na bolt ɗin ya salwanta a hanya ya zama zafi.

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Galibin famfuna ba a yi su don su yi aiki da wutar da ta gaza wannan da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. In wutar da ta isa gare shi ta yi rauni, famfo ba ya cewa ya gaji. Sai ya dinga kokawa da nauyin ruwa, koyil ɗinsa yana ɗaukar zafi, rigar da ke jikin koyil tana toyewa kaɗan kaɗan, har ran da zai yi shiru. Wurin tashi ma ya fi wuya, domin a lokacin da aka kunna shi yana jan wuta ninki uku zuwa biyar na abin da ya saba ja. In waya ba ta iya kai masa wannan ba, sai ya tsaya yana gurnani ba ya juyawa, kuma ba abin da ke ƙona famfo da sauri kamar wannan.

Abin da ya sa mutane ba su gane laifin waya shi ne, ba a ranar farko ta ke kisa ba. Ran da aka haɗa ruwa zai fito, a yi murna, a sallami mai aiki. Sai bayan wata biyar ko shida, tumatir ya fara fure, rana ta yi zafi, famfo yana aiki tun safe har la'asar, sa'an nan ya mutu. A ciro shi a kai Kano a yi masa sabon naɗi, a dawo a mayar da shi kan wayar nan dai da ta kashe shi. Kafin a je a dawo kuwa kwana huɗu ko biyar sun wuce, lambu ya sha ƙishirwa a lokacin da ya fi bukatar ruwa.

GA LISSAFIN, BA WUYA

Kaurin waya da milimita a ke faɗinsa, shi ne ka ke ji a kanti ana cewa 1.5, ko 2.5, ko 4, ko 6. Ka'idar da masu aikin wuta na ƙwarai su ke bi ita ce, kada abin da zai salwanta a hanya ya wuce kashi 5 cikin 100, watau kamar bolt 11 daga cikin 230. Kowane kauri yana da lambarsa ta lissafi:

Waya mai 1.5, lambarta 29.
Waya mai 2.5, lambarta 18.
Waya mai 4, lambarta 11.
Waya mai 6, lambarta 7.3.

Sai ka duba jikin famfo ko kwalinsa, za ka ga an rubuta amfiyar da ya ke ja. Ka ninka amfiyar da tsawon wayar a mita, ka ninka da lambar kaurin, ka raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne bolt ɗin da waya za ta cinye. Ɗan makarantar da ke gidanka ma zai iya yi maka.

Mu ɗauki misali. A ce ga manomi da famfo mai doki ɗaya da rabi, yana jan kamar amfiya 8. An saukar da shi mita 45 cikin rijiya, daga bakin rijiya zuwa ɗakin janareta kuma mita 75, jimla mita 120. In ya sa waya mai 1.5, zai rasa wajen bolt 28. In ya sa mai 2.5, zai rasa bolt 17. Sai mai 4 ce za ta fisshe shi, domin ita bolt 10 da rabi kaɗai za ta ci. Ku lura, zurfin rijiyar nan bai kai rabin tsawon wayar ba. Kuskuren da aka fi yi ke nan, a auna zurfin rijiya a manta da tafiyar da waya za ta yi a doron ƙasa.

Ga wanda ba ya son lissafi, ga iyakar tsawon da bai kamata a wuce ba, bisa kimantawa. Famfo mai doki ɗaya, mai jan amfiya 6: mita 65 a kan 1.5, mita 105 a kan 2.5, mita 170 a kan 4. Mai doki ɗaya da rabi, amfiya 8: mita 50 a kan 1.5, mita 80 a kan 2.5, mita 130 a kan 4. Mai doki biyu, amfiya 11: mita 58 a kan 2.5, mita 95 a kan 4, mita 140 a kan 6. Wannan lissafin na famfon wutar gida ne mai layi ɗaya, kuma an yi shi ne a kan wuta cikakka. Wanda ke ƙarshen layi a ƙauye, inda ƙwan lantarki ke yin ja kamar garwashi da magariba, ya ƙara mataki ɗaya a kan abin da lissafi ya ba shi.

Wani mai aikin wuta zai ce maka, "Haba Alhaji, 2.5 ta isa ko'ina, ita mu ke sa wa kowa." Ka tambaye shi mita nawa ya auna, amfiya nawa ya karanta. In ya amsa, ka riƙe shi hannu biyu. In ya yi dariya kawai, ka nemi wani.

BA KOWANE JA NE JAN ƘARFE BA

Duk wannan lissafi a kan jan ƙarfe tsantsa aka gina shi. Amma a kasuwa akwai wayar da cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya. Alminiyam kuwa kashi 60 da 'yan kai cikin 100 kaɗai ya ke ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka. Manomin nan namu na misali, in 2.5 ɗin da ya saya irin wannan ce, asararsa za ta tashi daga bolt 17 zuwa kusan 28, kamar dai mai 1.5 ya saya. Ga shi kuma alminiyam yana da saurin karyewa, in danshi ya taɓa shi a wurin haɗi sai ya zama gari.

Gane ta ba wuya. Ka ce a yanko maka ɗan guntu. Ka kankare silin da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, jabu ce. Ka kara masa wutar ashana: silin jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, na alminiyam kuwa nan da nan zai lanƙwashe ya zube. Ka kara maganaɗisu: in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka rina. Sa'an nan ka ɗaga ƙunshin ka ji nauyinsa, domin jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku.

Akwai kuma wadda jan ƙarfen gaskiya ce amma an rage mata sili, aka cika kaurin da roba. Waya mai laushi ta 1.5 galibi sili 30 gare ta, mai 2.5 sili 50, mai 4 kuma sili 56 waɗanda suka ɗan fi kauri. Ka zauna ka ƙirga, ba abin kunya ba ne, ai ko buhun taki ka kan duba ɗinkinsa. Ka kuma tambaya ko ƙunshin mita 100 ne ko yadi 100, domin yadi 100 mita 91 ne da ɗan ɗoriya. Waya ta kirki za ka ga sunan masana'anta da kaurinta a rubuce a jikinta daga farko har ƙarshe, in ta gida ce kuma da tambarin NIS na hukumar SON. Muna da masana'antun waya a Nijeriya waɗanda kayansu ba su da abin kushewa, saboda haka kada rubutun wata ƙasa a jikin kwali ya ruɗe ka.

RIGARTA DA WURIN HAƊINTA

Wayar da a ke jan wuta da ita cikin ɗaki ba a yi ta don zaman ruwa ba. Wadda za ta sauka rijiya za ta shekara da shekaru a jiƙe, ruwa yana danna ta, tana gogar bangon rijiya duk lokacin da famfo ya tashi. Saboda haka ka nemi kebul ɗin da aka yi musamman domin sumo, mai riga biyu, kowace jijiya da tata sa'an nan babbar riga ta rufe su duka. Akwai mai faɗi, akwai mai zagaye. In rijiyar matsattsiya ce mai faɗin ya fi sauƙin wucewa. In famfonka mai akwati ne a sama, jijiya huɗu ya ke bukata, uku na aiki ɗaya ta ƙasa.

Wayar ƙasan nan, wadda masu aiki ke kira atin, ita ce wadda aka fi yi wa rowa, alhali ita ce mai tsaron rai. In wuta ta zurare cikin famfo, ita za ta kwashe ta ta kai ƙasa, makunni ya faɗi. In babu ita, wutar za ta jira wanda zai taɓa bututu ko ya tsoma hannu a kwami, wataƙila yaron da aka aika ɗiban ruwa, wataƙila sa a wurin shan ruwa. A sa ta, a kuma sa makunnin nan mai kashe kansa in wuta ta zurare. Wanda kuma ya sa sumo a rijiyar gargajiya mai faɗin baki, kada ya bar kowa ya shiga yasa sai an zare wayar gaba ɗaya.

Sumo yana zuwa da 'yar gajeriyar wayarsa, tilas a haɗa ta da doguwar, kuma wannan haɗin cikin ruwa zai zauna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif baƙi, a ɗaura leda a kai, wannan ba haɗi ba ne. A matse kowace jijiya da 'yar hular ƙarfe, a rufe da robar nan mai gam a ciki wadda ke tsukewa in ta ji zafi, ko a zuba ƙaron haɗi mai daskarewa. Kafin a saukar, a tsoma haɗin cikin bokitin ruwa, mai aiki ya gwada da na'urarsa a gabanka. Ban da wannan haɗi guda, kada a yarda da wani cikin rijiya. Wayar da aka yi wa ƙari biyu ko uku don ta kai, ba ta rijiya ba ce.

Kada kuma a rataye famfo da wayarsa. A ɗaura masa igiya mai ƙarfi wadda ba ta ruɓewa. A ɗaure waya a jikin bututu duk bayan mita 2 ko 3, a bar mata ɗan sako-sako domin bututun roba yana miƙewa in ya cika da ruwa. Wadda ke doron ƙasa a zura ta cikin bututu a binne kamar ƙafa biyu, don fartanya da garmar shanu da gafiya da zafin rana, da kuma masu dogon hannu. In ta yi saura a yanke, kada a bar ta a naɗe tana ɗaukar zafi.

MASU SOLA SU ƘARA KULA

Wasu suna zaton tun da wutar sola ba ta da bolt mai yawa, kowace 'yar waya ta isa. Ashe akasin haka ne. Yawancin ƙananan famfunan sola da bolt 48 ko 72 ko 110 su ke aiki, kuma in bolt ya yi ƙasa tilas amfiya ta yi sama kafin a sami ƙarfi iri ɗaya. Kashi 5 cikin 100 na bolt 48 bai kai bolt biyu da rabi ba. In amfiya 10 ce ke gudu cikin waya mai 2.5, mita 13 kacal ta isa ta cinye wannan. Saboda haka a kafa faranti da akwatinsu kusa da bakin rijiya, a sa waya mai kauri, wadda ke tsakanin faranti kuma ta zama irin wadda aka yi domin zaman rana. Mutum ya sayi faranti shida, siririyar waya ta cinye masa ƙarfin guda, ai ya yi wa waya noma.

GA 'YAN KASUWA DA MA'AIKATA

Na san abin da manomi zai ce: haƙa ta cinye kuɗi, famfo ya cinye saura, jan ƙarfe kuma ya yi tsada. Gaskiya ne. Amma ka auna bambancin kuɗin 2.5 da na 4 a hannu ɗaya, a ɗaya hannun ka sa kuɗin ciro famfo, da na mota zuwa Kano, da na naɗi, da kwandunan tumatir ɗin da za su zube. Garin neman gira kada a rasa ido. In kuɗin bai kai ba, gara ka matso da janareta ko faranti kusa da rijiya ka rage tsawon, ko ka sayi ƙaramin famfo da waya mai kyau.

Ku kuma 'yan kasuwa, na Sabon Gari a Kano da masu kai kaya Kwanar Dangora da Tudun Wada, manomi ba ya ganin cikin waya, amanarku ya ke saya. In kuna da iri biyu, ku faɗa masa wannan jan ƙarfe ce, wannan shafe ce, ga kuɗin kowace. Ku tambaye shi dokin famfonsa da nisan wurinsa kafin ku yanka. Tauye mudu ba a hatsi kaɗai ya tsaya ba, kuma mutumin ƙauye in ya yarda da kai, har jikokinsa a wurinka za su saya.

Ku ma akawuna da magatakardan ƙungiyoyin manoma da na ƙananan hukumomi, da hannunku a ciki. Ku ne ke rubuta takardar aikin rijiyar gari da ta makaranta da ta asibiti. In kun rubuta "famfo da wayarsa" kawai, kun bar ƙofa a buɗe. Ku rubuta kaurin waya, da tsawonta, da yawan jijiyoyinta, da cewa jan ƙarfe ce tsantsa ta zaman ruwa. Wani daga cikinku ya tsaya a wurin ran da za a saukar da famfo, domin da zarar ya nutse ba mai sake ganin abin da aka ɗaura masa. A yanki ɗan guntun wayar a ajiye tare da takardun aikin. Rijiyoyi nawa mu ke wucewa a ƙauyuka, ga tanki a sama ga allon suna, mata kuwa sun koma rafi da tuluna? A cikinsu akwai waɗanda ba abin da ya kashe su sai 'yar waya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu da iri ke cikin bedi, kowa ya auna tsawonsa, ya karanta amfiyarsa, ya yi lissafinsa, ya kankare ya gani kafin ya biya. Wanda abin ya shige masa duhu ya nemi malamin gona na yankinsa ko mai aikin wuta da aka sani da gaskiya. Allah ya ba mu rani mai albarka, ya tsare mu da asara, amin.

Naku,
Malamin Gona